Kalmar "Saying" ta Turanci da Matsalar Fassara ta da "Karin Magana"

1.0 Gabatarwa

A zangon karatun da ya gabata, malaminmu na darasin fassara ya ba mu wani gajeren aiki a aji. Jimloli huɗu ne na Turanci, ya ce mu mayar da su Hausa cikin minti 15. Kowace jimla tana ɗauke da kalmar "saying". Ga su kamar yadda ya rubuta su a allo:

1. As the saying goes, there is no smoke without fire.
2. My father had a saying: never sign a paper at night.
3. The book contains the sayings of the Prophet.
4. It goes without saying that the fees must be paid.

Ni dai ban ɓata lokaci ba. Tun muna sakandare aka koya mana cewa "saying" da "proverb" abu ɗaya ne, da na fara koyon Hausa kuma aka ce mini "proverb" shi ne karin magana. Saboda haka sai na sa "karin magana" a duk wuraren huɗu, na miƙa takardata ina ganin na gama da aikin. Da takardar ta dawo, sai na tarar an zagaye uku daga cikin huɗun da jan biro, ga kuma ɗan rubutu a gefen jimla ta uku: "Ka san abin da ka faɗa kuwa?" Ba ni kaɗai na faɗa wannan rami ba, mu da yawa ne a ajin.

Wannan maƙala za ta yi ƙoƙarin bayyana ma'anar kalmar "saying" da yadda masu harshen suke amfani da ita. Za a duba asalinta, da ma'anoninta, da bambancinta da "proverb" da sauran kalmomin da suka yi kama da ita. Daga ƙarshe za a koma kan jimlolin nan huɗu don a ga inda gizo yake saƙa.

2.0 Asalin Kalmar

Kalmar "saying" ta samu ne daga aikatau "say", wato faɗa ko cewa, wanda aka liƙa wa ɗafa-ƙeyar "-ing". Shi wannan aikatau tsoho ne ƙwarai a harshen. A tsohon Ingilishi, wanda aka yi magana da shi a Ingila kafin ƙarni na 12, ana cewa "secgan". Yana da 'yan'uwa a harsunan da suke dangi ɗaya da Ingilishi, alal misali "sagen" a Jamusanci. Ke nan kalmar 'yar gida ce, kuma ma'anarta ta asali ba ta wuce "abin da aka faɗa" ba.

Ita kuwa "proverb" baƙuwa ce. Daga Latin ta fito, inda ake cewa "proverbium", wato haɗin "pro", mai nufin a gaba ko a madadin, da "verbum", mai nufin kalma. Ta shiga Ingilishi ne ta hanyar Faransanci, bayan da Normawa daga arewacin Faransa suka ci Ingila da yaƙi a shekarar 1066, Faransanci ya zama harshen fada da na shari'a na tsawon lokaci. Zuwa ƙarni na 14 ana samun kalmomin biyu a rubuce-rubucen Ingilishi.

Sanin wannan tarihi yana da amfani ga ɗalibin harshe. A Ingilishi, kalmomin gida su ne suka fi yawa a bakin mutane a hira ta yau da kullum, waɗanda aka aro daga Latin da Faransanci kuma sun fi yawa a littafi da aji da kotu. Haka abin yake a nan. Baturen da yake hira da abokinsa ya fi saurin cewa "there is a saying", malamin adabi kuwa shi ne zai tsaya ya ce "proverb". Mai nazarin Hausa ba zai ga baƙon abu a nan ba, domin Hausa ma tana da irin wannan tsari tsakanin kalmominta na gida da waɗanda ta aro daga Larabci, kamar "sani" da "ilimi".

3.0 Ma'anonin Kalmar

Idan aka lura da yadda ake amfani da "saying", za a ga tana zuwa ta fuskoki huɗu.

3.1 Karin Magana

Wannan ita ce ma'anar da kowa ya sani. Idan aka ce "an old saying" ko "as the saying goes", sannan aka kawo wata gajeriyar magana ta hikima wadda jama'a suka gada, to karin magana ake nufi. Misali:

"A bird in the hand is worth two in the bush." Tsuntsu ɗaya a hannu ya fi biyu a daji. Bahaushe zai ce: ƙwai a baka ya fi kaza a akurki.

"Prevention is better than cure." Wannan ta yi daidai da: rigakafi ya fi magani.

"Like father, like son." Wato yadda uba yake haka ɗa yake. Bahaushe zai ce: barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.

A duk waɗannan wurare ana iya cire "saying" a sa "proverb" ba tare da ma'ana ta canza ba.

3.2 Maganar da Wani Mutum ya Saba Faɗa

Sau da yawa akan ji Bature ya ce "my mother had a saying", ko "it was a favourite saying of our headmaster". Abin da ake nufi shi ne wata magana da mutum ɗaya ya riƙe, yana yawan maimaita ta har aka san shi da ita. Mai yiwuwa ne ba wanda ya taɓa jin ta in ba mutanen gidansu ko ɗalibansa ba. Tana iya ƙunsar hikima, tana kuma iya zama raha kawai. Ba ta zama karin magana ba, domin al'umma ba ta karɓe ta ta mayar da ita tata ba. A Hausa sai a ce "maganar da ya saba faɗa" ko "abin da yakan ce".

3.3 Zantukan Manyan Mutane

Idan kalmar ta zo a jam'i tare da sunan wani babban malami ko shugaban addini, to tana nufin maganganunsa da aka tattara aka adana. Turawa sukan ce "the sayings of Confucius" game da zantukan Konfushiyas, masanin nan na ƙasar Sin, waɗanda almajiransa suka tattara bayan rasuwarsa. Haka kuma sukan ce "the sayings of Jesus" game da maganganun Annabi Isa da suke cikin Linjila. Marubutan Ingilishi, Musulmi da waɗanda ba Musulmi ba, suna amfani da "the sayings of the Prophet" idan suna nufin hadisai. A nan an san wanda ya yi maganar, kuma darajarta ta samu ne daga matsayinsa. Karin magana kuwa ba a san wanda ya fara yin ta ba. Wannan shi ne dalilin da ya sa malaminmu ya yi mini waccan tambaya a gefen takarda.

3.4 Sunan Aiki Kawai

Akwai wuraren da "saying" ba ta da wata dangantaka da hikima ko adabi, aikin faɗa kawai take nunawa. Misali, "What is he saying?" tana nufin me yake cewa? Akwai kuma wasu daskararrun maganganu da kalmar take fitowa a cikinsu:

"It goes without saying." Ba sai an faɗa ba. Ingilishi ya kwaikwayo wannan ne daga Faransanci a ƙarni na 19.

"There is no saying what he will do." Ba wanda ya san abin da zai aikata.

"That is not saying much." Wannan ba wani abin yabo ba ne.

Wanda ya ga "saying" a irin waɗannan wurare ya kama neman karin magana, ya ɓata tun daga farkon hanya.

4.0 Bambancin "Saying" da "Proverb"

Daga bayanan da suka gabata za a fahimci cewa "saying" ta fi "proverb" faɗi. Duk "proverb" ana iya kiran ta "saying", amma ba duk "saying" ce ta cancanci a kira ta "proverb" ba. Dangantakarsu kamar ta dabba da akuya ce: kowace akuya dabba ce, amma in ka ji an ce dabba, ba ka da tabbacin akuya ake nufi.

To, mene ne yake mayar da magana ta zama "proverb"? Masana sun daɗe suna tattauna wannan batu. Archer Taylor, wani masani ɗan Amurka, ya nuna a littafinsa mai suna The Proverb na shekarar 1931 cewa ba da cikakkiyar ma'anar karin magana abu ne mai wuyar gaske, kuma mai harshe yakan gane ta ne da zarar ya ji ta. Duk da haka akwai siffofin da galibi ake dubawa:

Na farko, gajeriya ce, kuma cikakkiyar magana ce da take tsayawa da ƙafarta.

Na biyu, kalmominta a daskare suke. Ba a cewa "ruwa ba ya ɗaci banza", sai dai "ruwa ba ya tsami banza".

Na uku, ta jama'a ce. Shi ya sa ake gabatar da ita da "Hausawa na cewa" ko "masu iya magana sun ce".

Na huɗu, tana yanke hukunci ko ba da shawara kan wani hali na rayuwa, kuma ana iya ɗora ta a kan al'amura daban-daban.

Na biyar, sau da yawa tana faɗin wani abu ne tana nufin wani. Wanda ya ce "hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka" ba aikin gini ne ya dame shi ba.

Ita "saying" sharaɗi biyu kawai take bukata: ta zama gajeriya, kuma a riƙa maimaita ta. Saboda haka rubutun da muke gani a jikin manyan motoci a kan hanyoyin ƙasar nan, kamar "No condition is permanent" da "No food for lazy man", duk ana iya kiran su "sayings" ba tare da gardama ba. Ko sun kai matsayin "proverb" ko ba su kai ba, wannan ya danganta ne ga yadda jama'a suka karɓe su. Ta farkon ma tana da 'yar'uwa a Hausa: duniya rawar 'yan mata, na gaba ya koma baya.

Wannan ya nuna cewa magana takan tashi daga wani mataki zuwa wani. Ma'aikatan kwamfuta na tsakiyar ƙarni na 20 su ne suka fara cewa "garbage in, garbage out", wato in ka zuba wa na'ura shara, shara za ta fito maka da ita. A yau ana faɗin ta a kan harkokin da ba su shafi kwamfuta ba sam. A shekarar 2012 maɗaba'ar Jami'ar Yale ta Amurka ta buga The Dictionary of Modern Proverbs, wanda Charles Doyle da Wolfgang Mieder da Fred Shapiro suka shirya. Ya ƙunshi karin maganganun Ingilishi fiye da 1,400 waɗanda ba a same su a rubuce ba sai daga shekarar 1900 zuwa sama. Ashe ke nan ba a daina haihuwar karin magana ba, kuma kowace daga cikinsu ta fara ne a matsayin maganar wani mutum ɗaya.

5.0 Sauran 'Yan'uwan Kalmar

Akwai wasu kalmomi da ƙamus yakan jera tare da "saying". Duk suna shiga ƙarƙashinta, amma kowace da inda ta fi dacewa.

"Adage": Tsohuwar magana ce da aka daɗe ana yarda da gaskiyarta. Daga Latin "adagium" take, ta shiga Ingilishi ta hanyar Faransanci a ƙarni na 16. Ta yi suna a Turai saboda aikin Erasmus, wani malami ɗan ƙasar Holan, wanda ya tattara karin maganganun Girka da Latin. Bugun farko ya fito a birnin Paris a shekarar 1500 da maganganu wajen 800, na shekarar 1508 da aka yi a Venis ya haura 3,000, kuma kafin rasuwarsa a 1536 adadin ya wuce 4,000. A nan Nijeriya muna son wannan kalma ƙwarai. Da wuya a yi jawabin biki ko a rubuta sharhin jarida ba a ji "an adage says" ba. A Ingila kuwa ta fi zama kalmar rubutu. Wasu masu gyaran rubutu ma suna ƙin "old adage", domin a ganinsu tsufa yana cikin ma'anar kalmar tun asali.

"Maxim": Ƙa'ida ce ta yadda ya kamata a yi abu. Asalinta Latin ne, daga kalmar da take nufin mafi girma. Lauyoyi suna da nasu da suke kira "legal maxims". Mu ɗaliban harshe kuma mun haɗu da ita a darasin nazarin ma'ana, inda Paul Grice ya kawo ƙa'idojin zance guda huɗu a maƙalarsa ta shekarar 1975, waɗanda suka shafi yawan bayani da gaskiyarsa da dacewarsa da kuma yadda aka tsara shi. Wanda ya fassara waɗannan da "karin maganganun Grice" ya yi kuskure, domin ƙa'idoji ne.

"Saw": Wannan ba zarto ba ne, ba kuma shuɗaɗɗen lokaci na "see" ba ne. Tsohuwar kalma ce mai tushe ɗaya da "say". Yawanci takan zo a "an old saw", kuma tana ɗauke da ɗan raini, wato maganar da aka maimaita har ta gundure mutane.

"Aphorism": Gajeriyar magana ce mai zurfi wadda galibi an san marubucinta. Kalmar Girkanci ce, kuma an fara sanin ta ne da littafin Hippocrates, likitan nan na Girka da aka haifa wajen shekara ta 460 kafin haihuwar Annabi Isa, wanda ya tara gajerun bayanai kan cuta da magani.

"Motto": Kalmar Italiyanci ce. Tana nufin maganar da ƙasa ko makaranta ko ƙungiya ta zaɓa don nuna manufarta. Na Nijeriya yana rubuce a ƙasan tambarin ƙasa, yana kuma cikin sashe na 15 na tsarin mulkin 1999: haɗin kai da imani, zaman lafiya da ci gaba. A Hausa "take" ya fi dacewa da ita.

"Slogan": Asalinta kirarin yaƙi ne a harshen Gelik na mutanen Sikotilan. A yau ita ce gajeriyar maganar da jam'iyyun siyasa da masu talla suke amfani da ita don jan hankalin jama'a.

"Idiom": Wannan ita ce ta fi rikita ɗalibai. Jerin kalmomi ne da ba a gane ma'anarsu ta hanyar duba kowace kalma ita kaɗai. "To pull someone's leg" ba jan ƙafa ba ne, zolaya ce. Haka a Hausa "jan kunne" gargaɗi ne, "cin fuska" kuma wulaƙanci. Bambancinta da karin magana shi ne ba cikakkiyar jimla ba ce, kuma ba ta yanke wani hukunci kan rayuwa. Ana sarrafa ta kamar kowane aikatau: na ja masa kunne, za ta ja musu kunne. Sai dai a lura, Turawa da yawa sukan kira irin waɗannan ma "sayings" a hira.

A harshena na farko, wato Yarabanci, an raba waɗannan biyun sarai. Karin magana ita ce "òwe", wannan ta biyun kuwa "àkànlò èdè". Yarabawa suna cewa òwe dokin magana ce, in magana ta ɓace da ita ake nemo ta. Ina ganin da na tsaya na auna jimlolin malam da harshen gida kafin in taɓa biro, da ban kira hadisi òwe ba. Na faɗa ramin ne saboda na haddace kalma da kalma tsakanin Turanci da Hausa, ban tsaya na yi tunanin ma'ana ba.

6.0 Yadda ake Amfani da Kalmar a Jimla

Idan "saying" tana nufin magana ta hikima, suna ce da ake iya ƙirgawa. Tilonta "a saying", jam'inta "sayings". Saboda haka ba a barin ta tsirara a tilo, dole a sa mata "a" ko "the" ko wata kalma irin su "this" da "my". Kuskure ne a rubuta "according to saying".

Hanyoyin da aka fi gabatar da karin magana da ita su ne "as the saying goes", da "there is a saying that", da "so the saying goes", wadda takan zo bayan an riga an kawo maganar. A lura da aikatau ɗin da ake amfani da shi, wato "goes". Ɗalibai da yawa sukan rubuta "as the saying go", su manta da harafin ƙarshe, ko kuma "as the saying says", wadda ba ta da daɗin ji a kunnen masu harshen saboda maimaici. Akwai kuma "as they say", wadda ta yi daidai da "in ji masu iya magana" ko "kamar yadda akan ce".

Haka kuma kada a rikita "a saying" da "a say". Idan aka ce "the students have a say in the matter", ana nufin ana jin ta bakin ɗalibai a kan lamarin. Ba wata karin magana a ciki.

7.0 Shawara ga Mai Fassara

Abin da ya kamata mai fassara ya riƙe shi ne, faɗin kalmar "saying" yana taimakon sa idan zai tafi daga Hausa zuwa Turanci, amma yana iya kayar da shi idan zai dawo daga Turanci zuwa Hausa.

Bari mu fara da tafiya daga Hausa zuwa Turanci. Turawan da suka tattara karin maganganun Hausa sun zaɓi kalmar "proverb" ne a sunayen littattafansu. George Merrick ya fitar da Hausa Proverbs a shekarar 1905, C. E. J. Whitting ya fitar da Hausa and Fulani Proverbs a 1940, sai A. H. M. Kirk-Greene da ya tara guda 500 a littafinsa Hausa Ba Dabo Ba Ne na shekarar 1966. Wannan daidai ne ga mafi yawan karin maganganu. Amma azancin maganar Bahaushe ya wuce nan. Akwai kirari, akwai habaici, akwai zambo, akwai baƙar magana, kuma ba ɗaya daga cikinsu da ya dace a kira shi "proverb". Akwai kuma irin karin maganar da ake jingina wa wani, kamar "ban sa a ka ba, in ji ɓarawon tagiya". Masanan Turai suna da suna na musamman ga wannan nau'i, wato "Wellerism", daga sunan Sam Weller, wani ɗan barkwanci a littafin Charles Dickens mai suna The Pickwick Papers da ya fara fitowa a 1836. Idan mai fassara ya haɗu da gajeriyar maganar hikima ta Hausa, bai tabbatar da ajin da take ba, "saying" za ta fid da shi kunya, domin rigar tana da faɗin da za ta rufe su duka.

Idan kuwa daga Turanci za a dawo Hausa, to sai an yi hattara. Hausa ba ta da kalma ɗaya da ta yi daidai da "saying" a duk fuskokinta. Dole mai fassara ya tsaya ya yi wa kansa tambayoyi uku. Shin suna ce a nan ko aikin faɗa kawai? Idan suna ce, maganar wa ce, ta jama'a ko ta wani sanannen mutum? Idan ta mutum ɗaya ce, wane ne shi, kuma wane suna Hausawa suke ba maganarsa? Amsar waɗannan tambayoyi ita za ta nuna ko "karin magana" za a sa, ko "magana", ko "zance", ko "hadisi", ko "take".

Yanzu sai mu koma kan jimlolin malam:

1. Masu iya magana sun ce, ruwa ba ya tsami banza.
2. Mahaifina yana da wata magana da yakan yawan faɗa: kada ka sa hannu a takarda da dare.
3. Littafin yana ƙunshe da hadisan Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi.
4. Ba sai an faɗa ba, dole ne a biya kuɗin makaranta.

Za a lura cewa ko a jimla ta farko, inda malam bai zagaye amsata ba, fassarar da ta fi daɗi ba ta ambaci "karin magana" ba. Bahaushe ba ya yawan sanar da cewa ga karin magana nan tafe, yakan jingina ta ne ga masu iya magana. Haka kuma an bar hayaƙi da wutar Bature an ɗauko ruwa da tsami, domin abin da ake bukata shi ne mai sauraro ya ji abin da Bature ya ji.

Akwai wani ƙaramin abu da ya kamata mu masu koyon Hausa mu kiyaye. Ana rubuta "karin magana" ne da k marar lanƙwasa. Idan aka rubuta "ƙarin magana", ma'ana ta koma daɗin zance a kan wanda aka riga aka yi. Wani abokina a aji ya fassara jimla ta huɗu da "ba tare da ƙarin magana ba, dole a biya kuɗin makaranta". Shi a ransa karin magana yake nufi, lanƙwasar ta zo ne bisa kuskure. Malam ya karanta mana ita a aji, ya ce kuskure biyu ne suka haɗu suka kusa haifar da daidai, amma ba zai ba da maki a kan sa'a ba.

8.0 Kammalawa

Wannan maƙala ta nuna cewa "saying" kalmar gida ce ta Ingilishi mai ma'anar abin da aka faɗa, kuma karin magana ɗaya ce kawai daga cikin abubuwan da take nufi. Tana iya nufin maganar da wani ya saba yi, ko zantukan wani babban mutum, ko kuma aikin faɗa kawai. An kuma ga yadda ta bambanta da "proverb" da "adage" da "maxim" da sauransu.

Da yawa daga cikinmu, in Allah ya yarda, za mu yi aiki a gidajen rediyo da jaridu da kotuna da makarantu, inda jama'a za su dogara da fassararmu ba tare da sun ga asalin maganar ba. A can ba jan biro ne zai biyo bayan kuskure ba. Wanda ya kira hadisi karin magana a gidan rediyo zai ɓata ran masu sauraro, wanda kuma ya mayar da maganar mutum ɗaya ta zama ta al'umma a gaban alƙali ya canza shaida. Saboda haka ina kira ga 'yan'uwana ɗalibai da mu riƙa karanta jimla gaba ɗaya kafin mu buɗe ƙamus, in mun buɗe kuma kada mu tsaya a ma'ana ta farko. Masu iya magana sun ce, in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa. Nawa gemun ya riga ya sha wuta a zangon da ya wuce, saura ku.